Macen Fasta da Macen Fadama: Siffar Mata a Farfagandar Gurguzu da Siyasar Talakawa a Ƙasar Haɗejiya

Fasta, watau hoton da akan buga a takarda a manna a bango domin jan hankalin jama'a, tana daga cikin makaman da gwamnatocin gurguzu suka fi dogara da su a ƙarni na ashirin. Dalilin haka a fili yake. Lokacin da 'yan Bolshebik suka karɓi mulkin Rasha a 1917, mafi yawan talakawan ƙasar ba su iya karatu ba, mata kuwa sun fi maza nisa da shi, saboda haka hoto ya zama rubutun da kowa ke iya karantawa. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka siffanta mace a cikin waɗannan hotuna, sa'an nan ta bi sawun ra'ayin da ke ƙunshe cikinsu har zuwa tsohon Lardin Kano, musamman masarautar Haɗejiya da fadamun koginta, inda jam'iyyun NEPU da PRP suka yi kiran talakawa tsakanin 1950 da 1983. Abin da ake son nunawa shi ne, macen da aka zana tana aiki a gona domin a ce ta sami 'yanci, a idon Bahaushen wancan zamani tana iya nufin kishiyar haka, kuma wannan ya shafi irin hanyar da masu neman sauyi a nan suka bi wajen yi wa mata magana.

A fastocin farko na Rasha, na shekarun yaƙin basasar 1918 zuwa 1921, gwarzon hoto namiji ne, maƙeri, riƙe da guduma. Idan mace ta fito, ko dai ta fito tana kama wa maƙerin ƙarfe da awartaki a bisa maƙera, ko kuma a nuna ta baƙauya riƙe da lauje, tana bayan ma'aikaci da soja. Victoria Bonnell, wadda ta yi nazarin waɗannan hotuna a littafinta na 1997, ta nuna cewa jeren nan ba haɗari ba ne: ma'aikaci yana gaba da manomi, namiji kuma yana gaba da mace.

Daga tsakiyar shekarun 1920 sai mace ta fara tsayawa ita kaɗai. Fastar da Adolf Strakhov ya zana a 1926 domin ranar mata ta 8 ga Maris ta nuna mace da jan kallabi, fuska a murtuke, ta damƙe sandar tuta, bayanta bututun hayaƙin masana'antu, ana kiran ta da ta gina gurguzu tun da an 'yanta ta. Wadda Grigory Shegal ya zana a 1931 ta fi wannan fito da manufar a sarari. An raba hoton biyu. Gefe guda ɗakin girki ne mai duhu, ga risho, ga tulin wanki, ga saƙar gizo, ga wata mata ta duƙufa a kan baho. Ɗaya gefen kuwa wata ma'aikaciya ce cikin jajayen tufafi ta buɗe mata ƙofa, a waje ga haske, ga masana'anta, ga ɗakin cin abinci na jama'a da gidan renon yara. Rubutun da ke kai ya kira aikin madafa da sunan bauta. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan kalma, domin za a sake cin karo da ita a ƙasar Hausa ta wata fuskar dabam.

Da Stalin ya tilasta haɗe gonakin manoma wuri guda daga 1929, matan ƙauye ne suka fi kowa turjiya. Su ne suka riƙa tare hanya, suna fasa rumbunan gwamnati, suna kore shanunsu su mai da gida. A daidai wannan lokaci ne fasta ta cika da wata sabuwar mace: budurwa siririya, mai fara'a, a kan tarakta, tana yafuto 'yan'uwanta su shigo gandun gwamnati. Pasha Angelina, wadda ta kafa ƙungiyar mata matuƙa tarakta a ƙasar Yukren a 1933, ita ce ta zama fuskar wannan kira, har a 1938 ta nemi mata dubu ɗari su hau tarakta. A shekarar da ta kafa ƙungiyar tata kuwa yunwa tana kashe miliyoyin mutane a ƙauyukan Yukren ɗin. Hoton ke nan yana nuna macen da gwamnati ke buƙata a wurin da ta fi rasa ta. Mafi yawan matan gandun ba su taɓa sitiyari ba. Tatsar shanu da shema da kwasar gwoza da hannu suka yi ta yi, su dawo gida su tarar da murhu yana jiran su.

Ba a daɗe ba buƙatar gwamnati ta sake, siffar ma ta bi ta. An rufe sashen mata na jam'iyya a 1930, aka ce matsalar mata ta ƙare. A 1936 aka haramta zubar da ciki, fasta ta koma nuna mace mai jiki, rungume da jariri ko damin alkama. Da Jamus ta kawo hari a 1941, Irakli Toidze ya zana ƙasar kanta a siffar uwa mai jan mayafi, tana miƙa takardar rantsuwar soja. A 1944 aka ƙago lambar girma ta Gwarzuwar Uwa ga wadda ta haifi 'ya'ya goma ta rene su.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya fi kusa da ƙasar Hausa, watau abin da ya faru da Musulmin Asiya ta Tsakiya. A biranen Tashkan da Samarƙandi da Buhara, garin Imamul Buhari, babu masana'antu masu yawa, balle rundunar ma'aikatan da aƙidar Markis ta ce su za su yi juyi. Gregory Massell ya yi bayani a 1974 cewa saboda haka ne jam'iyya ta ɗauki matan Musulmi su tsaya a madadin ma'aikatan da babu. Ranar 8 ga Maris 1927 aka ƙaddamar da yunƙurin da aka kira Hujum, kalmar Larabci mai nufin farmaki, aka tara mata a dandali suna jefa lulluɓinsu a wuta. Fastocin lokacin sun nuna mace tana yaye lulluɓi tana fuskantar rana, tsohon malami da attajiri suna rakuɓe a gefe. Ɗaruruwan matan da suka amsa kiran an kashe su a cikin shekaru biyu zuwa uku, sau da yawa a hannun danginsu, gwamnatin da ta kira su kuwa ba ta iya kare su ba.

Ƙasar Sin ta gaji wannan salo bayan 1949, har hoton Liang Jun a kan tarakta ya hau takardar kuɗi ta yuwan ɗaya. A Afirka kuma 'yan gwagwarmayar Mozambik da Angola suka ƙara nasu, mace da goyo a baya da bindiga a kafaɗa. Duk da bambancin ƙasa da zamani, ma'aunin ɗaya ne. Ana auna 'yancin mace da nisan da ta yi daga murhu, da kuma kayan aikin maza da aka gani a hannunta. Aikin da take yi a cikin gida ba a lissafa shi aiki.

Yadda ra'ayin ya iso Arewa

Turawan mulkin mallaka sun tsare ƙofa sosai. A tsakiyar shekarun 1950 gwamnati ta haramta shigo da littattafai da mujallun 'yan kwaminis, ta kuma hana ɗaukar wanda aka sani da aƙidar aikin gwamnati. Madam Funmilayo Ransome-Kuti ta Abekuta ta ziyarci Sin a 1956, bayan haka aka ƙi sabunta mata fasfo. Sai bayan samun mulkin kai ƙofar ta fara buɗewa. Rediyon Mosko ya buɗe sashen Hausa, na Pekin ya bi baya a 1963, taimakon makamai da Rasha ta ba gwamnatin tarayya a yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 kuma ya wanke ta a idon mutane da yawa. Mujallu masu hotunan matan gandu da na masana'anta suka yi ta shigowa, amma iyakarsu ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago da ɗakunan ɗalibai a Zariya da Kano. Abin da ya isa kasuwannin Haɗejiya da Malam Madori da Kafin Hausa shi ne maganar talaka da mai mulki, ita kuwa NEPU ce ta kai ta.

Mutum takwas ne suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, dukansu maza. Malam Aminu Kano, wanda ya yi cuɗanya da masu ra'ayin gurguzu na Ingila lokacin da yake karatu a Landan a 1946 zuwa 1947, ya zama shugabanta a 1953. Takardar manufofinta ta Sawaba ta yi magana da harshen da ɗan Markis zai gane nan take, domin ta ce akwai gwagwarmayar aji tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa. Haɗejiya a lokacin tana cikin Lardin Kano, da En'enta da alƙalanta da 'yan dokarta, a ƙarƙashin Sarki Haruna ɗan Abdulƙadir, wanda ya hau gado a shekarar da aka kafa NEPU, ya kuma rasu a 1984, watau zamaninsa ya haɗiye na NEPU da na PRP gaba ɗaya. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Malam Madori da Birniwa tun wajen 1930, ya kawo cinikin gyaɗa da baƙi da ma'aikata, irin garuruwan nan na bakin tasha kuwa a ko'ina a Arewa su ne suka fi saurin karɓar sabuwar siyasa.

Hoton siyasar wannan zamani alama ce. A zaɓen tarayya na 1959 kowane ɗan takara yana da akwatinsa, da alamar jam'iyyarsa a jiki, domin wanda bai iya boko ba ya san inda zai jefa ƙuri'a. Alamar NEPU tauraro, kirarinta Sawaba. Alamar NPC fartanya, kirarinta Salama. Abin lura a nan, kayan aikin manomi, wanda a Mosko shi ne tambarin juyi, a Arewa jam'iyyar sarakuna ce ta riƙe shi. Ban da alama sai fuskar shugaba. Mace kuwa ba ta da gurbi a bango, kuma dalilan suna da yawa. Ba ta da ƙuri'a, balle a yi zawarcinta da hoto. Malamai da dama suna ƙyamar surar mutum. Uwa uba, a garin da ko sunan matar mutum ba a cika ambata a bainar jama'a ba, manna fuskar matar aure a bangon kasuwa abin kunya ne gare ta da mijinta da iyayenta. Jam'iyyar da abokan hamayya ke zargi da raina manya da rashin addini ba za ta ƙara wa kanta wannan kaya ba.

Duk da haka NEPU ce ta fito ta ce a ba matan Arewa ƙuri'a, NPC ta ce lokaci bai yi ba. A 1959 matan Kudu suka yi zaɓe, na Arewa suna gida. Ƙetaren iyaka kuwa, dokar Faransa ta 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji, saboda haka Bahaushiyar Damagaram da ta Maraɗi sun riga ta Haɗejiya zaɓe da shekara ashirin, a zamanin jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary mai alamar raƙumi. Hujjar da Malam Aminu ya fi kafawa ba daga Lenin ya ɗauko ta ba. Daga Shehu Usmanu ya ɗauko, wanda a Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, da kuma misalin Nana Asma'u. Kiran nasa ga mata kira ne zuwa ilmi da ƙuri'a da haƙƙin da shari'a ta ba su a aure da gado.

Gurbin da mace ta rasa a bango ta same shi a murya. Waƙa ce fastar NEPU ta gaskiya, domin ɗan doka yana iya yage takarda, amma waƙoƙin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Lawan Maiturare a ka ake riƙe su, kuma suna shiga har cikin gidajen kulle ta bakin yara 'yan talla. Mata ke guɗa a wurin lacca, su ke amshi, su ke dafa wa baƙin jam'iyya abinci, su ke kai wa ɗaurarru tuwo. Wadda ta fi kowa suna a cikinsu ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001. Ita ce shugabar matan NEPU, ta je Abekuta ta ga yadda Madam Funmilayo ke tsara mata, a 1953 aka kama ta a Kano tare da mata masu yawa bisa laifin taro ba izini, kuma an lissafa mata ɗauri har sau goma sha shida. Ba ta buƙaci mai zane ba, domin labarinta ya je inda hoto ba zai je ba. Sai dai akwai farashi. Da yake matan aure suna kulle, waɗanda ke da ikon fita taro galibi zawarawa ne da mata masu zaman kansu, a NEPU da NPC duka, har magajiyoyi sukan shugabanci reshen mata a garuruwa da dama. Wannan ya ba masu hamayya damar shafa wa duk macen da ta shiga siyasa baƙin fenti ɗaya, tabon kuwa ya daɗe bai goge ba.

Gandu da kulle

A nan ne ya kamata a koma ga kalmar bauta da ke kan fastar Shegal. A ƙasar Hausa ta ƙarni na sha tara, macen da ake gani duƙe a gona tun safe har azahar a gandun sarki ko na attajiri, a mafi yawan lokaci baiwa ce. Matar ɗa mai hali tana gida. Turawa suka shelanta cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, suka ci Haɗejiya da yaƙi a Afrilun 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada, sa'an nan a 1936 aka soke bauta ɗungurungum. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, lokacin da matarsa Mary take rubuta tarihin Baba ta Karo, ya lura cewa yayin da bauta ke mutuwa kulle yana yaɗuwa a ƙauyuka. Matan da suka fito daga bauta, da 'ya'yansu, sun janye daga noma da itace domin su nuna su ma 'ya'ya ne. Kuɗin gyaɗa ya ba magidanta ƙarfin ɗaukar nauyin haka, wa'azin malamai ya ƙarfafa shi. Ke nan a cikin shekarun da mai zane a Mosko yake buɗe wa mace ƙofar madafa ta fita gona a kan ta 'yantu, jikanyar baiwa a ƙasar Kano tana barin gona ta shiga gida a kan ita ma ta 'yantu. Da za a manna hoton Pasha Angelina a kasuwar Auyo a 1955, tambayar da dattijuwa za ta fara yi ita ce, wane irin miji ne wannan da ya kasa ci da matarsa?

Kulle dai bai taɓa zama bai ɗaya ba, balle a fadamun Haɗejiya, inda Hausawa ke zaune da Fulani da Mangawa da Badawa da Gizimawa, kowa da al'adarsa. Kogin Kano da na Calawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya. Da ya wuce garin sai ya rarrabu tsakanin jigayi, ya malale ƙasa a watannin Agusta da Satumba, kafin ya sadu da na Jama'are wajen Gashuwa su nufi Tafkin Cadi. Shekarar mutanen wurin tana bin ruwan nan. Ana shuka shinkafa kafin ya iso, ana su idan ya cika, idan ya janye a bi danshinsa da wake da kayan lambu, makiyaya kuma su sauko da shanu da rani. A kowane mataki akwai hannun mace. Tsofaffi da zawarawa da 'yan mata da matan marasa hali suna fita yankan shinkafa da casa da sheƙa da kala, da roron wake da tsinkar barkono. Bafillatana tana ɗauke da ƙwaryar nono zuwa kasuwa. A bayan danga kuwa matar kulle tana turara shinkafa ta shanya ta surfe, tana soya kifi, tana matse man gyaɗa ta toya ƙuliƙuli, tana dafa kalwa ta yi daddawa, tana saƙa tabarma da faifai da kabar da aka yanko a bakin fadama. Shinkafar Haɗejiya da aka sani a kasuwannin Kano, kafin zuwan injinan casa, ta turmin mata take bi kafin ta shiga buhu. Polly Hill ta kira irin wannan ciniki na cikin gida ɓoyayyar kasuwa a nazarinta na Ɓatagarawa a 1969, Enid Schildkrout kuma ta nuna a Kano cewa yara 'yan talla su ne ƙafafun wannan kasuwa.

Stalin ya yi alfahari a 1935, a gaban matan da suka yi fice a noman gwozar sukari, cewa gandun gwamnati ya 'yanta mace domin yanzu ladan kwanakin aikinta nata ne, ba na uba ko miji ba. Abin da ya yi alfahari da shi, Bahaushiya Musulma tana da shi a shari'a tun tuni: ribar sana'arta tata ce, ci da sha da tufafi kuwa a wuyan miji suke. Da wannan riba take zubin adashi, ta sayi akuya, ta tara kwanukan auren 'yarta, wani lokaci ma ta ranta wa mijin kuɗin haraji. Faɗin haka ba wanke kulle ba ne. Sana'ar tana tsaye ne a kan yarinyar da ke yawo da faranti maimakon zuwa makaranta, wadda za a aurar tana 'yar shekara goma sha uku ko sha huɗu, kuma matar da ke da jari amma ba ta da ƙuri'a ba ta da bakin magana a kan harajin da ake karɓa a gidanta. Abin da ake nufi kawai shi ne, ma'aunin fastar gurguzu ba ya iya ganin wannan tattalin arziki ko kaɗan, domin duk a kusa da murhu ake yin sa.

Tarakta da kanta ta iso kogin, amma ba ta hannun 'yan gurguzu ba. Bayan farin 1972 zuwa 1974 gwamnatin Jihar Kano ta kammala dam ɗin Tiga a 1974, aka buɗe aikin noman rani na Kadawa, a 1976 kuma aka kafa hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are. Cecile Jackson ta zauna a yankin Kadawa a waɗannan shekaru, abin da ta gano kuwa ya juya hoton fasta a kife. Matan Musulmi na kulle sun sami ƙarin ciniki, domin leburori da ma'aikata sun yawaita, ana sayen abincin da suke dafawa. Matan Maguzawa, waɗanda ke noma a fili kamar yadda fasta ke so, aiki ne ya ƙaru a kansu a gandun mazajensu rani da damina, lokacin kula da gayaunarsu ya ragu. Ita ce kuma ta ba da labarin yajin aikin da mata 'yan ƙodago suka yi a kan lada, a gonar wani kamfanin Turai mai noman kayan lambu domin kasuwannin Turai, ta buga shi a 1978. Matan ƙauye ne waɗanda ba su da ƙungiyar ƙwadago, ba su da jan kallabi, kuma su ne abu mafi kama da macen Strakhov da aka gani a bakin wannan kogi. Ruwan da aka tare a Tiga domin gonakin nan kuwa daga rabon fadamun Haɗejiya aka rage shi.

Gwamnatin soja ta ba matan Arewa ƙuri'a a 1976, lokacin gyaran ƙananan hukumomi, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita ga duk mai shekara goma sha takwas. Nan take lissafi ya sake, domin rabin masu zaɓe yanzu suna bayan danga. PRP, wadda Malam Aminu ya kafa a 1978, ta ɗauki mabuɗi alama, kirarinta Nasara. Mabuɗi abu ne da kowace matar gida ta sani a bakin zanenta, kuma a kan takardar ƙuri'a ba ya ɓata wa mai dangwala yatsa. Injinan buga takarda sun yawaita, fastoci suka cika bangaye, amma fuskokin 'yan takara ne, su kuwa kusan duka maza. Inda mace ta shiga harkar hoto shi ne atamfa: jam'iyyu suka riƙa buga alamarsu da fuskar shugabansu a zane, mata su yi anko su fito taro, watau ita ce ta zama bangon da ake manna fastar. Matan Jihar Kano, wadda Haɗejiya ke cikinta a lokacin, sun fito zaɓe da yawa a 1979. Malam Aminu ya sami fiye da kashi saba'in cikin ɗari na ƙuri'un jihar, Alhaji Shehu Shagari ya tsaya a kashi 19.94, adadin da ya jawo shari'ar nan ta kashi biyu bisa uku na jihohi goma sha tara. Hajiya Gambo, abin mamaki, ba ta cikin PRP a wannan karo. GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim ta shiga.

Gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, ta mai da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata a 1980, shekara guda kafin gwamnatin tarayya. Abin da ta yi wanda ya fi shafar mata kai tsaye shi ne hukumar ilmin manya da ta kafa a 1980, da azuzuwan mata a birni da ƙauye, wadda ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. Wannan ci gaba ne na kiran NEPU, watau allo da alli maimakon tarakta. Sai dai jam'iyyar ta rabe gida biyu, santsi da taɓo, ƙarfinta ya tafi a rigimar cikin gida da kuma ta gwamna da sarakuna, wadda ta taɓa Haɗejiya ita ma lokacin da aka yanke Auyo aka yi mata sarki a 1981, kafin Sabo Bakin Zuwo ya rushe sababbin masarautun a 1983. Masu nazarin halin mata da ma'aunin Markis sosai sun fito ne daga jami'a: a Zariya aka kafa ƙungiyar WIN a 1982, wadda ta ce danniyar aji da ta jinsi tare suke tafiya, ta kuma nace cewa aikin gida aiki ne da ya kamata a lissafa, abin da fastar 1931 ba ta yarda da shi ba. Malam Aminu ya zaɓi mace, Madam Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takarar 1983, amma ya rasu ranar 17 ga Afrilu kafin zaɓen. Ranar 31 ga Disamba soja suka karɓi mulki suka rushe jam'iyyu.

Macen karkara ta hau bangon ofisoshin ƙananan hukumomi daga baya, a ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, shekarar da gwamnatin mijinta ta ƙi shawarar kwamitin siyasar da ta kafa cewa Nijeriya ta bi tsarin gurguzu. Shirin ya zo da injinan niƙa da ƙungiyoyin gama kai da baje kolin sana'o'in hannu, watau ya kama mace a inda take, kusa da turmi. Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano. A 1992 aka kammala dam ɗin Calawa, malalar ruwa ta ƙara sauyawa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a wajen Guri da Kirikasamma, wasu gonakin shinkafa suka nutse shekara da shekaru, wasu kuma suka bushe.